Zan sa wa injin 2AZ turbo, in bar manifol ɗin roba ko in canza na alminiyam?

Mai Camry:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawarar manya nake nema. Ina da Camry mai injin 2AZ, 2.4 ɗin nan, na daɗe ina tara kayan turbo kaɗan kaɗan, yanzu turbo ya zo, intakula mai sanyaya iskar turbo ya zo, manifol na hayaki ma an gama haɗa shi saura ɗaurawa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne manifol na iska, don nawa na roba ne wanda motar ta zo da shi. Wani ya ce min da turbo ya fara hura iska robar zata fashe, in nemi na alminiyam mai ƙaton ciki da gajerun ƙafafu. Wani kuma ya ce kar in kuskura in taɓa shi. Ni dai ba tsere zan shiga ba, motar hawa ce ta yau da kullum, psi 7 nake so in tsaya wato wajen rabin bar. Cikin injin ban taɓa komai ba, fistin da konrod, wato sandar da ke riƙe da fistin, duk na kamfani ne. Ya kuke gani?

Oga Walda:
Wa alaikumus salam. Cire robar nan ƙanena tun kafin ta baka kunya a tsakiyar titi. Roba roba ce. Kamfani ya yi ta ne don injin da ke zuƙar iska da kansa, ba wanda ake ɗura masa ba.

Ɗan Rewaya:
Oga Walda kai dai ko ciwon kai mutum ya kawo maka cewa zaka yi a yi walda hhhh

Oga Walda:
Kai kuma ko taya ce ta yi faci sai ka ce sensa ce. Bar ni in faɗa wa yaro gaskiya.

Injiniya:
Salam. Mai Camry bar manifol ɗinka a inda yake, a psi 7 ba shi ne matsalarka ba. Bari in ɗan yi bayani don kar ya zama na ce ka ce.

Manifol kashi biyu ne. Akwai tulun, wato ɗakin nan da iska ke taruwa bayan ta wuce bakin totur, sannan akwai ƙafafu huɗu da ke kai ta kowace silinda. Tsawon ƙafafun nan ba ado bane. Duk sanda bawul ɗin iska ya rufe, iskar da ke gudu a cikin ƙafar takan daki bawul ɗin ta koma baya kamar amsa-kuwwa, ta je tulu ta sake dawowa. In dawowarta ta dace da lokacin da bawul yake buɗe sai ta ƙara cusa iska a silinda kyauta. Doguwar ƙafa tana dacewa da injin a ƙasa da tsakiyar juyi, gajera kuma sai an kai sama sosai take fara aiki. To injinka dogon zango fistin ɗinsa ke yi, milimita 96, faɗin silinda 88.5, ƙarfin jansa yana kaiwa ƙololuwa ne wajen rpm 4,000, wato juyi 4,000 a minti, ba injin da ake murzawa zuwa 8,000 bane. In ka ɗaura masa gajerun ƙafafu ka ɗauke ƙarfi daga inda kake tuƙi kullum ka kai shi inda injin ma baya zuwa.

Kuma abin da mutane ke mantawa, daga tashi zuwa wajen rpm 2,500 ko 3,000 turbo bai farka ba tukuna, a nan motarka tana nan a matsayin mota marar turbo, dogayen ƙafafun nan su ne ke riƙe da ita kafin iskar ta iso.

Sabon Shiga:
Injiniya ni fa na ɗauka da zarar an sa turbo duk lissafin tsawon ƙafa ya tashi aiki, tunda da ƙarfi ake tura iskar ko tana so ko bata so

Injiniya:
Da yawa haka suke ɗauka amma ba haka bane. Wancan kai da komowar da gudun sauti take tafiya, wajen mita 343 a sakan a iska mai zafin digiri 20, kuma gudun sauti zafin iska ne ke canza shi ba matsinta ba. Ma'ana inda manifol yake da daɗi kafin turbo kusan a nan yake da daɗi bayan turbo, sai dai iskar ta ƙara kauri. Abin da ya canza kawai shi ne turbo na iya rufa wa manifol marar kyau asiri, ka ƙara psi 2 sai ka ga ƙarfin ya dawo, amma da zafi ka biya.

Oga Walda:
Duk naji lissafinka Injiniya kuma ban musa ba, amma ba maganar ƙarfi nake ba maganar fashewa nake. Kai da ka iya lissafi lissafa mana, bango mai faɗin santimita 20 da tsawon 30 in aka sa masa rabin bar kilo nawa ke tura shi?

Injiniya:
Wajen kilo 300. Amma Oga ka lissafa ɗaya ɓangaren ma. Motar nan in tana silo totur a rufe, zuƙon da ke cikin manifol yakan kai bar 0.6 zuwa 0.7, wato iskar waje tana danne bangon nan da ƙarfin da ya fi kilo 300 ɗin, kuma shekara da shekaru yake ɗaukar wannan a kowace danja. Sannan ba robar bokiti bace, nailan ne da aka cakuɗa da zaren gilas. Motoci nawa ne suka fito daga kamfani da turbo da manifol na roba? Injin N54 na BMW turbo biyu gare shi kuma manifol ɗinsa roba ne. 2.0 TSI na Volkswagen ma haka.

Oga Walda:
Yauwa nan nake jiranka. Zuƙo matse ɗinkin yake yi yana ƙara haɗe shi, bust kuwa, wato matsin iskar da turbo ke hurawa, ɓare shi yake yi. Manifol ɗin roba ba guda ɗaya ake zuba shi ba, ɓari biyu ko uku ne ake gogawa da juna har su narke su manne, wannan layin ɗinkin shi ne lagonsa. Waɗancan da ka lissafa tun daga zane an san za su ɗauki bust an ƙara musu haƙarƙari da kauri. Kuma kar ka manta na yaron nan ya sha zafin inji shekaru kusan ashirin, roba in ta tsufa ƙeƙashewa take. Ni da hannuna na cire wanda ya tsage daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba labari aka bani ba.

Injiniya:
Wannan magana ce, na karɓi batun ɗinki. Amma wanda ka cire ɗin psi nawa ake bashi?

Oga Walda:
Mai motar cewa yayi 10, da muka duba tiyon westget ɗin, bawul ɗin da ke hana bust wuce iyaka, ya fita, Allah kaɗai ya san inda ya kai. Kuma yayi bakfaya sau ɗaya, wato wuta ta tashi ta dawo cikin manifol.

Ɗan Rewaya:
To ai ka ba kanka amsa Oga. Westget ba tiyo turbo ya hau yadda ya ga dama, ga bakfaya a kai, ko na alminiyam ɗin ne ai sai ya kumbura

Baban Gareji:
Yara ku saurara. Injin nan dai na 2AZ shi ne a cikin Scion tC da aka sayar a Amurka, kuma TRD, ɓangaren Toyota na kayan tsere, sun sayar wa motar da sufacaja, ɗan'uwan turbo da bel ke juyawa, wanda ke hura iska ta cikin bakin totur da manifol ɗin da motar ta zo da shi, ƙarfin ya tashi daga wajen doki 160 zuwa wajen 200. In da robar bata iya ɗaukar ƙaramin bust da basu yi haka ba. Don haka a psi 7 ina bayan Injiniya. Amma shi ma Walda ba shirme yake ba, tsohuwar roba sai an gwada ta. Ɗana abin da zaka yi mai sauƙi ne, ka toshe bakin turbo da murfi, ka sa iskar kwamfuresa a hankali ta hanyar regileta har psi 10 ko 12, ka fesa ruwan sabulu a kan ɗinkin da gindin kowace ƙafa da duk inda tiyo ya shiga. Inda ya yi kumfa nan ne aikinka. Kar ka buɗe masa iskar kwamfuresa gaba ɗaya, ita tana haura psi 100, da hannunka zaka fasa shi. Ka cire murfin zuba baƙin mai kafin ka fara.

Mai Camry:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Wlh ban taɓa tunanin gwada shi a haka ba. To amma in ba fashewa, babu wata riba da zan samu in na canza? Don wanda na gani a intanet kyau kam ba a magana, yana ta ƙyalli, tulun kamar lita 4, bakin totur milimita 80

Mai IS300:
Tsaya in baka labarina kafin ƙyalli ya ɗebe ka. Ni na canza nawa kuma ban yi nadamar canzawa ba, amma dalilina daban da naka. Injina 2JZ-GE ne, silinda shida a jere lita 3, kuma duk wanda ya san shi ya san manifol ɗinsa ta saman inji yake tsallakowa, bakin totur ya faɗo ta ɓangaren hayaki, daidai inda turbo zai zauna. Ana iya haɗawa a haka, mutane da yawa sun yi, sai dai fayif ɗin intakula zai yi ta zagaye kusa da zafi kuma duk sanda zaka canza fulogi sai ka kwance abubuwa. Na GTE mai turbo na kamfani kuma baya hawa kan top silinda na GE kai tsaye, ramukan basu dace ba. Shi yasa na nemi mai kallon gaba. Kaga ni wuri ne ya tilasta min ba neman doki ba.

Na farkon da na saya irin mai ƙyallin nan ne marar suna. Na farko dai fuskar da ke manne da top silinda a karkace take, sai da aka kai aka goge ta ta miƙe kafin gasket ya kama. Na biyu ramin nozul biyu masu fesa fetur basu kalli bawul daidai ba. Na uku wanda ya fi ci min rai, bayan an gama saiti mitar hayaki tana nuna min haɗin iska da mai 11.8 lafiya lau, ashe matsakaicin silinda shida take bani. Ranar da na cire fulogi na jera su, na gaba sun yi duhu na can baya ya yi fari fat. Iskar tana shigowa da gudu ta gaba ta wuce ƙafafun farko ta je ta daki bangon ƙarshe ta cika silindar baya, mai kuma kowa daidai ake bashi, kaga na baya yana cin iska da yawa mai kaɗan. Da ban duba ba da fistin na shida ya narke ina kallon mita tana ce min komai lafiya.

Sabon Shiga:
Innalillahi. To ya aka yi ka gyara?

Mai IS300:
Mai saitin ya ƙara wa silinda ta biyar da ta shida mai kaɗan a biren bos, wato kwamfutar motar, na lallaɓa da shi, daga baya na canza wanda tulunsa ke tsukewa zuwa baya kuma bakin kowace ƙafa a ciki an buɗa shi kamar bakin kakaki. Wancan na farkon da na leƙa cikinsa da tocila fayif ne kawai aka yanka aka liƙa, bakin da kaifi har da guntun walda a tsaye. Daga waje kuwa kamar madubi.

Oga Walda:
To wannan ba laifin alminiyam bane laifin wanda ya haɗa ne. Ni in zan yi, tulun zagaye nake yi ba mai bango shimfiɗaɗɗe ba, don shimfiɗaɗɗen bango numfashi yake yi, bust ya tura shi waje zuƙo ya ja shi ciki, sau dubu nawa a rana, ƙarshe waldar ta tsage a kusurwa. Kauri kar ya gaza milimita 3, fuskar gindi kuma mai kauri sosai a goge ta bayan an gama walda ba kafin ba, don zafin walda ne ke karkatar da ita.

Injiniya:
Kaga yanzu mun haɗu Oga. Mai kyau na alminiyam yana da wurinsa, ba wanda ya hana. Abin da nake cewa kamfani ya zauna ya auna rabon iska tsakanin silinda huɗun nan da kayan aunawa, wanda zai maye gurbinsa sai ya zama an auna shi shi ma. Rabon iska ma ba ƙaramin ciwon kai bane ko ga manya, dubi RB26 na Skyline GT-R, bakin totur shida Nissan ta sa masa kowace silinda da nata, duk da haka masu ƙara masa bust kullum silinda ta shida suke sa wa ido.

Mai Camry batun milimita 80 kuma, faɗin rami da ninkin kansa yake tafiya. Daga 60 zuwa 80 ba kashi 33 ka ƙara ba, kusan kashi 78 cikin ɗari ka ƙara. Ɗan taɓa totur kaɗan iska ta yi yawa, motar ta dinga zabura a go-slow kamar ɗan koyo ne ke tuƙi. Kuma naka na lantarki ne ko na waya?

Mai Camry:
Na lantarki ne Injiniya, ba waya

Ɗan Rewaya:
To nan ne ni zan shigo. In na lantarki ne biren bos ɗinka ya san wannan bakin totur ɗin ne kawai, ɗan injin lantarkin da ke juya shi da sensocinsa biyu da ke ciki. Ka ɗaura wani daban mai waya, ka rasa silo, ka rasa kurus kwantirol, cek inji ya kama, wani lokacin motar ta ƙi wuce wani gudu gaba ɗaya. Sai dai in zaka koma biren bos na daban wanda ake saitawa daga farko, wannan kuma wani babi ne.

Amma ni tambayar da ba wanda ya yi maka ita ce ta fi damuna. Duk tiyoyin da ke jikin manifol ɗin nan ka zauna ka ƙirga su? Don kowanne an yi shi ne a kan cewa manifol zuƙa yake yi. Yanzu zai koma hurawa. Bawul ɗin PCV da ke fitowa daga murfin inji, mai kai tururin cikin inji zuwa manifol, in baya rufewa da kyau bust zai bi ta nan ya shiga cikin inji ya tura baƙin mai ta sil, ka wayi gari ƙasan mota ya jiƙe ka ce turbo ne ya lalace. Tiyon da ke kai zuƙo wajen birki yana da bawul mai hanya ɗaya, ka cire ka hura da baki ka tabbatar yana riƙewa, wannan maganar rai ce. Na tururin tankin fetur shi ma a sa masa bawul mai hanya ɗaya. Kuma kowane ƙaramin tiyo a ɗaure shi da kilif, don da zuƙo ne ke riƙe su a wurin, yanzu tofar da su za a dinga yi.

Hajiya Mai Miata:
Ɗan Rewaya ya faɗi gaskiya. Ni tawa shekara uku kenan da turbo a psi 8 da manifol ɗin kamfani, abin da ya taɓa tsayar da ni a hanya ɗan tiyo ne da bai kai yatsa ba ya fice, motar ta dinga tari kamar zata mutu. Manifol kam ko sau ɗaya. Nawa dai na alminiyam ne tun daga kamfani don haka ban shiga rigimar roba ba

Oga Walda:
Kin gani ko Hajiya, alminiyam

Hajiya Mai Miata:
Na kamfani na ce Oga ba naka ba hhh. Kuma yana da nasa halin, in na tsaya a cunkoso minti goma ko hannu baka iya ɗorawa a kai, sai na ɗan yi gudu yake hucewa. Roba bata ɗaukar zafin top silinda haka.

Injiniya:
Haka ne Hajiya, duk da cewa in an take totur iskar bata daɗewa a ciki balle ta ɗumama sosai, a tsaye ne abin ke taruwa. Zafin da ya kamata Mai Camry ya ji tsoro na turbo ne. Iskar waje mai digiri 30 in turbo ya matse ta zuwa bar 0.7 tana fitowa wajen digiri 100, aikin intakula kenan ya sauke ta. Kuma injin nan yadda fistin ke matse iska a silinda ninki 9.6 ne, ya fi na injinan turbo na da irin 2JZ-GTE mai 8.5, don haka iska mai zafi da fetur marar ƙarfi su ne za su sa shi ƙwanƙwasa, ƙwanƙwasa kuma ita ke karya bakin fistin. Manifol ko na zinare ne baya hana wannan.

Sabon Shiga:
Tambaya dan Allah kar a yi min dariya. Motocin da manifol ɗinsu ke da wani faifai a ciki mai buɗewa da rufewa fa? Tawa tana da shi, naji ana cewa a cire in za a sa turbo

Baban Gareji:
Ba abin dariya bane, tambaya ce mai kyau. Wannan dabara ce ta samun doguwar ƙafa da gajera a manifol ɗaya. Toyota suna kiran nasu ACIS, BMW DISA, Mazda VICS, Honda ma suna da shi a Integra GS-R. A ƙasa iska ta bi doguwar hanya, a sama faifan ya juya ta bi gajera. Yawancinsu zuƙon manifol ne ke motsa su, ta ɗan tanki da ke ajiye zuƙon da bawul mai hanya ɗaya. In bust ya zo babu sabon zuƙo, abin da ke tankin ne kawai, in tankin na yoyo faifan ya tsaya inda ya ga dama. Ni bana saurin cewa a cire, in yana da lafiya amfaninsa ma ya fi yawa kafin turbo ya tashi. Amma a duba sandar da screw ɗin da ke riƙe da faifan, in ya yi sako-sako ya ɓalle bawul zai nufa kai tsaye, daga nan sai buɗe inji.

Maganar doguwar ƙafa ma ba yau aka fara ba. Chrysler 300F ta 1960 ƙafafunta inci 30 ne, wajen santimita 76, kafireto na dama yana ciyar da silindar hagu na hagu yana ciyar da na dama, duk don a samu ƙarfin ja a tsakiya. Mu da muka fara aiki a zamanin kafireto mun san wannan tun kafin a haifi wasunku.

Ɗan Rewaya:
Baba an fara tarihi kenan, a kawo tabarma

Baban Gareji:
Ɗan nema, kai dai je ka nemo wayar da ka yanke jiya.

Turbo Ko Mutuwa:
Ni duk ban yarda da ku ba gsky. Kowa ya san psi 7 ƙarya ce, ba wanda ke tsayawa a nan. Wata biyu zai ce bari in ɗan ƙara 10, daga nan 14. Gara ya yi manifol ɗin sau ɗaya tun yanzu a yi saiti sau ɗaya, ƙa'idar ma ai tulu ya kai ninki ɗaya da rabi na girman inji, 2.4 kaga lita 3.6 kenan

Injiniya:
Wannan ninki ɗaya da rabi ƙiyasi ne da masu haɗawa ke farawa da shi, ba doka bace, kuma na injin da zai zauna a saman juyi ne. Batun zai ƙara bust kuma ban musa maka halin ɗan Adam ba, amma ka bi layin abin da zai fara gazawa. Nozul ɗinsa za su ƙure tun kafin ma ya kai psi 7 ɗin. Layin mansa ba mai komawa tanki bane, matsin fetur a tsaye yake wajen bar 3 da ɗan wani abu, baya hawa tare da bust, to in manifol na da rabin bar a ciki nozul yana fesawa ne a kan abin da ke tura shi baya, man da ke fita ya ragu da wajen kashi 8 cikin ɗari daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Bayan nan fuwal fam, bayan nan kuloci ko giya, bayan nan fistin da konrod. Manifol yana can ƙarshen layi. Ranar da ya buɗe inji ya sa fistin masu ƙarfi da kam mai dogon buɗi yana neman doki 400, ranar ni da kaina zan ce ya je wajen Oga Walda.

Turbo Ko Mutuwa:
To mu zuba mu gani, na ajiye wannan maganar zan tuna maka

Mai K24:
Ƙarin misali kawai. Mu masu Honda muna da manifol biyu da ake yawan musu a kai, RBC na Civic Si mai gajerun ƙafafu da RBB na Acura TSX mai dogaye. Masu murza inji sama da 7,000 RBC suke so, masu hawa kullum da yawa sun fi jin daɗin RBB don a tsakiya yake bada ƙarfi. Duka biyun na kamfani ne kuma duka ana sa musu turbo. In akwai wani na kamfani da ke hawa kan injinka ba gyara shi ne zaɓi na biyu kafin a kai ga na haɗi.

Ɗan Rewaya:
Wani abu kuma Mai Camry, injinka da sensar auna iska ta MAF yake aiki. In zaka sa bawul ɗin nan mai yin fishhh in an saki totur, kar ka bari ya zubar da iskar waje, biren bos ya riga ya ƙirga ta ya zuba mata mai, motar zata dinga shaƙewa tana mutuwa a mahaɗa. Ka mayar da iskar gaban turbo bayan sensar. Tiyonsa daga manifol za a ɗauko bayan bakin totur, shi da agogon bust, amma kar ka huda robar da diril ka ɗaura bakin tiyo na ƙarfe a ciki, nan ne take fara tsagewa. Ka yanka wani tiyon da ke akwai ka sa mahaɗi mai baki uku, banda na birki, shi a bar shi shi kaɗai.

Mai Camry:
Jama'a na dawo. Na yi gwajin da Baba ya ce yau da safe, na kai shi psi 12 na barshi. Ɗinkin manifol ko kumfa ɗaya babu, na zagaye shi sau biyu har ta bayan inji da madubi don shi a can baya yake wajen bango. Amma gasket ɗin gindin ƙafa ta uku yana ta kumfa, sannan PCV ɗin iska na wucewa ta cikinsa sosai har ina jin ta tana fita ta wajen zuba baƙin mai. Tiyon birki lafiya yake yana riƙewa. Kenan zan bar manifol ɗin in canza gasket da PCV

Oga Walda:
To Alhamdulillah. Amma ka sake gwadawa bayan wata ɗaya da fara hawa, in ya yi zafi ya huce sau da yawa da bust a cikinsa. In ya tsage ka san inda nake.

Baban Gareji:
Gasket ɗin gaba ɗaya zaka canza ba na ukun kaɗai ba, robar ta riga ta kwanta. Ka ɗaure notin daga tsakiya zuwa waje kuma da ma'aunin ɗauri, kar ka danne da ƙarfin hannu kamar kana ɗaure taya. Bayan an yi saiti ka yi tafiya kaɗan da bust ka cire fulogin huɗu ka jera su yadda suke a inji ka turo mana hoto.

Mai Camry:
In sha Allah Baba. Injiniya to nozul ɗin fa, cc nawa zan nema a psi 7, kuma in canza layin man ya zama mai komawa tanki tun yanzu ko saiti kaɗai zai iya cike wancan kashi 8 ɗin?

Injiniya:
Da wane biren bos zaka yi saitin? Faɗa min wannan tukuna, amsar ta dogara da shi.